Sunan kaka na biyar: Yadda na bi sawun zuriyarmu daga Gadarif zuwa ƙasar Kano

Duk Bahaushen Sudan da ya taɓa tsayawa layi a ofishin gwamnati ya haddace sunaye huɗu: nasa, da na mahaifinsa, da na kakansa, da na mahaifin kakansa. Haka takarda take buƙata, abin da ake kira ismi ruba'i. Amma ka tambaye shi na biyar, sai ka ga ya yi shiru. Ka ce masa daga ina suka taso, zai ce maka Kano, ko Sakkwato, ko Katsina, ko Barno. To ai waɗannan ƙasashe ne masu ɗaruruwan ƙauyuka. Wane ƙauye? Wace unguwa? Gidan wa?

Na shafe kusan shekara biyu ina neman amsar waɗannan tambayoyi game da gidanmu a nan Gadarif. Na ga ya dace in bayyana hanyar da na bi, domin na tabbata gidaje da dama suna da irin kayan aikin da na samu a namu, sai dai ba a buɗe su ba.

Abin da ya sa dattawa suka yi shiru

Ba mantuwa ce ta ɓatar da sunayen ƙauyukanmu ba. Yawanci da gangan aka bar faɗar su, kuma duk wanda ya san tarihin dokar jinsiyya ba zai ga laifin dattawa ba.

Dokar da Turawa suka yi a 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamban 1897. Dokar 1957, bayan samun 'yancin kai, ta riƙe wannan rana. Daga baya aka matso da ita zuwa 1 ga Janairun 1924, sannan dokar 1994 ta mayar da ita 1 ga Janairun 1956. Ka ga kenan, tsawon shekaru, mutumin da ya ce mahaifinsa ya taso daga ƙasar Kano a zamanin Turawa yana iya jawo wa kansa da 'ya'yansa tambayoyin da ba su ƙarewa: kawo shaidu daga dangin uba, kawo takardar shehin unguwa, je ka dawo gobe. Sai mutane suka koyi gajeriyar amsa: “A nan aka haife mu.” Gaskiya ce kuwa. Amma aka yi ta maimaita ta har sauran labarin ya bi dattawa kabari.

Tsoron kuma ba na banza ba ne. Mutanen Gadarif ba su manta da Oktoban 2008 ba, lokacin da wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa na wancan lokaci maganar cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, fadarsa ta musanta, amma sai da aka fito zanga-zanga a garin nan. Ba su manta da Yulin 2022 ba, da rikicin jihar Nil Azrak ya ci rayuka fiye da 100, kuma kalmar “baƙi” ta sake dawowa bakin mutane.

Saboda haka da na fara tambaya, wani baffana ya kira ni gefe ya ce: “Kai yaro, me kake tonowa? So kake ka ba su sandar dukanmu?” Na ce: “Baffa, sandar ai tana hannunsu tun tuni. Mu ne ba mu da abin karewa.” Bai gamsu ba a ranar.

Hanyar gabas

Kafin mutum ya nemi kakansa, ya kamata ya san hanyar da jama'a suka biyo, domin a kanta zai tsinci sawunsa.

Mutanen yamma sun daɗe a wannan yanki. Tun kafin Mahdiyya akwai mazaunin Takarir a Gallabat, kan iyakar Habasha, da shehinsu da kasuwarsu. Amma babbar ƙaurar Hausawa da Fulani ta biyo bayan 1903. Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da dubban mutane, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar wajen 1906.

Bayansu ayari bai yanke ba. Wasu haraji ya kora, wasu yunwa, mafi yawa kuma niyyar hajji ce ta fito da su. Ana bi ta Maiduguri zuwa Fort Lami, wadda yanzu ake kira Njamena, a wuce Abeshe da Adre, a shigo Junaina, sai Fashir, sai Nuhud, sai Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso wajen 1912. Daga nan a nufi Sawakin ko Bor Sudan a haye teku. Tafiyar takan ci shekaru, domin in guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 gonakin audugar Jazira suka buɗe, sai aikin ya riƙe mutane da yawa. Layin dogo ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, noman injin kuma ya fara a yankin Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940. Dawa da riɗi suka zaunar da mu, daga cikin gari har ƙauyukan bakin kogin Rahad irin su Mafaza da Hawata. Wani manazarci, Bawa Yamba, da ya zauna da Hausawan Jazira, ya sa wa littafinsa na 1995 sunan da ke nufin mahajjata na dindindin.

Kowane zango a wannan hanya yana iya zama wurin da aka haifi wani naka, ko aka binne shi.

Darasi daga wasu masu neman asali

Ba mu kaɗai ke wannan nema ba. A Amurka akwai miliyoyin jikokin Jamusawa da 'yan Poland da ke bin sawun kakanninsu. Su suna da abin da ba mu da shi: jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwa da suka tashi daga Hambug tsakanin 1850 da 1934, da rajistar tsibirin Ellis a New York, inda mutum kusan miliyan 12 suka shiga daga 1892 zuwa 1954, da littattafan coci-coci na ƙauyuka da ke ɗauke da haihuwa da aure da mutuwa.

Duk da haka matsalarsu irin tamu ce. Poland ta ɓace daga taswira daga 1795 zuwa 1918, an raba ta tsakanin Rasha da Purushiya da Ostiriya, don haka ƙauye ɗaya yana iya samun suna biyu ko uku, takardunsa kuma cikin Jamusanci ko Rashanci ko Latin. Bayan 1945 iyakoki suka sake canzawa, garuruwa suka sake suna. Shi ya sa ƙa'idarsu ta farko ita ce: kada ka tsallaka teku sai ka samo sunan ƙauye a cikin gidanka. Sunan ƙasa ba ya kai mutum ko'ina. Da wannan ƙa'ida na yi aiki.

Abin da ke cikin gafaka

A gidanmu akwai wata tsohuwar gafaka da ke rataye a ɗakin goggona, yayar mahaifina, wadda ta haura shekara 80. Kowa ya san Alƙur'anin kakansu ne, rubutun hannu, ana sauko da shi don albarka in an yi haihuwa, amma ba mai karanta shi. Warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi, a kan irin takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya. In ka ɗaga ta ga hasken rana za ka ga tambarin.

A bayan warƙar ƙarshe akwai layi bakwai da wata tawada daban. Malaman da sukan rubuta sunansu da na mahaifinsu da garinsu idan sun kammala kwafe littafi, wasu kuma su riƙa ƙara ranakun haihuwar 'ya'yansu a ƙasa. Abin da muka tarar kenan. Sunan mai Alƙur'anin ya fito sarai, shi ne na huɗu a takardunmu. Bayansa akwai “ibn” da wani suna, na biyar kenan. Sai kalmar da ke nuna gari.

Samarin gidanmu da suka yi makarantar gwamnati sun taɓa duba kalmar shekarun baya, suka karanta ta “Faraye”. An tambayi 'yan Najeriya masu zuwa karatu Khartum, babu wanda ya san gari mai wannan suna, sai aka bar maganar.

Na ɗauki hoton warƙar na kai wa wani tsohon malamin allo a unguwarmu, wanda ya yi karatunsa da ruwayar Warshu. Na ce: “Allah gafarta Malam, ko za a duba mana wannan?” Ya matso da wayar kusa da idonsa, ya yi murmushi ya ce: “Ɗana, wannan ba fa ba ce. Ƙaf ce. Ƙaraye aka rubuta.”

Ga sirrin. A rubutun Magaribi da malaman ƙasar Hausa ke amfani da shi, harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A rubutun da ake koyarwa a makarantun Sudan, ɗigo ɗaya a sama fa ne, ƙaf tana da biyu. Ɗigo ɗaya tak ya raba mu da garinmu tsawon shekaru. Ƙaraye kuwa tsohon gari ne sananne a yammacin birnin Kano.

Akwai irin waɗannan tarkuna da yawa. Malamin Hausa yana rubuta “g” da harafin gain, magatakardan Sudan kuma da ƙaf yake rubuta ta, don haka Gaya ko Gumel za su fito da kama biyu a takardu biyu. Harafin da Balarabe ke karantawa “sa” mai ɗigo uku, a ajami “ca” ne. Katsina takan zama Kashna, Bakatsine ya zama Kashnawi. Sunayen mutane ma haka: Audu na gida shi ne Abdullahi na takarda, Garba shi ne Abubakar, Shehu shi ne Usman, Mamman shi ne Muhammad. Wanda ake kira Tanko ko Ɗan Azumi ko Ɗan Asabe, wannan laƙabi ne, sunan yankansa daban. In ka tafi nema da suna ɗaya kawai, kana iya wuce kakanka ba ka gane shi ba.

Malamin bai tsaya nan ba. A layi na uku an rubuta haihuwar ɗa namiji, kakana kenan, a Nuhud, sannan haruffa huɗu da ba su ba da ma'ana ba: shin, sin, lam, ha ƙarami. Ya ce wannan ramzi ne, wato rubuta shekara da haruffa. A lissafin Magaribi shin 1000 ne, sin 300, lam 30, ha ƙarami 8. Jimla 1338 bayan hijira, wadda ta faɗo tsakanin Satumban 1919 da Satumban 1920. Wanda ya yi lissafin da tsarin gabas zai samu 398, ya ce shirme ne.

Na koma wajen baffana da wannan. Takardar da yake tsoron ta nuna mu baƙi ne, ita ce ta nuna an haifi mahaifinsa a ƙasar Sudan tun kafin 1924, shekara 36 kafin a ɗaga tutar 'yancin kai. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce a tura masa a wayarsa.

Abin da baki ya riƙe

Ba kowane gida ke da gafaka ba, amma kusan kowane gida yana da tsohuwa. Takardun gwamnati maza kawai suke lissafawa, labarin gida kuwa yana wajen mata. Sai dai in ka ce wa tsohuwa “a wace shekara?” ba za ka samu komai ba. Tambaye ta abin da aka ce ya faru a lokacin.

Goggo ta ce kakansu yakan ce sun bar gida bayan yunwar Kakalaba, Abbas yana sarauta. Kakalaba ita ce babbar yunwar 1913 zuwa 1914, Sarkin Kano Abbas kuma ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919. Ka ga tafiyar ta faɗo tsakanin 1914 da 1919, ta kuma dace da haihuwar Nuhud. In an ce maka zamanin Alu ne, to kafin 1903 kenan. In an ce Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953. In Bakatsine ne aka ce zamanin Dikko, 1906 zuwa 1944. A nan gida kuma ana auna lokaci da zuwan jirgin ƙasa, ko da shekarar da Italiyawa suka kama Kasala da Gallabat, wato 1940.

Harshe ma shaida ne. In tsohuwarku tana cewa “munka tahi” ko “biyat”, to ku dubi wajen Sakkwato da Gobir da Zamfara. In “muka tafi” da “biyar” take cewa, ku dubi wajen Kano. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi guda a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci, kuma duk mai kunne ya san bakin tsofaffi ya fi na yara riƙe karin asali. Tsagar fuska, wadda maƙwabtanmu ke kira shuluk, tana nuna Bagobiri daga Babarbare. Ku duba tsofaffin hotuna da kyau. Har wasan barkwanci yana da amfani: wa kakanku yake tsokana? Bakano da Bazazzagi suke wasa, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare.

Sai sana'a. Goggo ta ce: “Ɗana, shi fa bai ɗauki kansa manomi ba har ya rasu. Kullum cewa yake gidansu gidan marina ne, ƙofarsu tana kallon karofi.” Wannan jimla ta fi min takarda goma amfani daga baya.

Takardun nan da na can

A ɓangaren Sudan, ku fara da akwatin gida: tsohuwar jinsiyya, gasimar aure da ma'azuni ya bayar, takardar rabon gado ta kotun shari'a, rasiɗin ushur, katin aikin jirgin ƙasa ko na Jazira. Gidajen shehunan unguwa da na umda sukan ajiye tsofaffin littattafan haraji, kuma jikokinsu kan nuna wa mai neman da ya zo da ladabi. Babbar ma'ajiyar takardun ƙasa, Darul Wasa'iƙ, tana Khartum. Jami'ar Durham a Ingila kuma tana da ma'ajiyar takardun Sudan tun 1957, wasu daga ciki ana karanta su ta intanet. Irin waɗannan manyan wurare sun fi ba da labarin ƙauye da ayari fiye da na mutum ɗaya.

A ɓangaren Najeriya akwai ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan kowace gunduma suke, da jerin ƙauyuka da dagatai da sana'o'in mutane. Akwai Arewa House a Kaduna, da hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Littattafan kotunan alƙalai suna ɗauke da shari'o'in gado da gonaki. Talaka bai cika fitowa da sunansa a rahoton Bature ba, amma rahoton zai tabbatar maka da tsohon sunan ƙauye da hakimin da yake ƙarƙashinsa. Wannan na da muhimmanci, domin ƙauyuka suna tashi. A ƙasar Ƙaraye kanta, madatsar ruwan Challawa da aka gama a 1992 ta tayar da mutane daga mazauninsu.

Ni dai ban taka Najeriya ba. Wani ɗalibi ɗan Kano da ya yi karatu a Sudan ya haɗa ni ta WhatsApp da wani malamin makaranta a Ƙaraye. Na ba shi abu huɗu: suna biyu, shekarun tafiya, da maganar karofi. Ya bi dagatai da limamai yana tambayar ƙauyukan da aka taɓa yin rini. A ƙauye na uku wani dattijo ya ce a gidansu ana ba da labarin ƙanen kakansa da ya tafi gabas da matarsa bayan yunwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a gaya masa sunan da muke nema ba. Shi ya faɗi sunan uban gidan da bakinsa, ya zo daidai da na bayan warƙa.

Wannan ita ce shawarar da zan fi jaddadawa: kada ka faɗi sunan da kake nema, bari a faɗa maka. Mutanenmu masu karamci ne, wani don ya faranta maka rai zai ce ai ku namu ne. Akwai kuma masu son a ce kakansu ɗan sarki ne ko yana cikin ayarin Attahiru. Wasu haka ne, amma mafi yawanmu jikokin manoma ne da marina da maƙera da almajirai, kuma babu abin kunya a ciki. Gwajin jini na zamani ma iyakarsa ya nuna maka yanki, ba zai faɗa maka ƙofar gida ba.

Ranar da aka haɗa Goggo da dattijon a waya, sun fi rabin awa suna gaisawa. Ya ce mata: “Yaya, ashe kuna nan?” Ta ce: “Muna nan, ƙanena. Mun yi yawa ma.” Ya tambaye ta ko har yanzu muna dama fura. Ta ce muna damawa, har Larabawan gari sun koyi shan godogodo da cin agashe a wajenmu.

Me ya sa yanzu

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya nuna mana takarda ba ta da tabbas. Da Madani ta faɗi a Disamban wannan shekara, sannan faɗa ya kai jihar Sinnar a tsakiyar 2024, dubban iyalai sun iso Gadarif da kayan jikinsu kawai. Akwatuna nawa aka bari a baya, gafaka nawa? Tsofaffi da yawa kuma wahalar hanya ta tafi da su, da duk abin da ke cikin kansu.

Amma gudun hijirar ya tara dattawan Jazira da Sinnar da Khartum a gidajen 'yan uwa a nan, waɗanda a da sai biki ko rasuwa ke haɗa su. Wanda yake da tsoho a gida, ya zauna da shi yau da wayarsa. Ya naɗi muryarsa da izininsa. Ya ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ya tura wa 'yan uwa uku a garuruwa daban-daban. In akwai rubutun ajami, ya kai wa malamin da ya yi karatun allo, tun irinsu ba su ƙare ba.

Jikan Bajamushe a Amurka yana rataye hoton ƙauyen kakansa a falo, ba wanda ya ce masa ba Ba'amurke ba ne. Ja'ali da Bashaiƙiye a nan suna jero nasabarsu har zuwa Hijaz, ba wanda ya ce su koma. Mu ma sanin Ƙaraye ko Gwadabawa ko Tasawa ba zai rage mana komai a Gadarif ba. Wanda ya san ranar da kakansa ya iso, da gonar da ya sare, da maƙabartar da yake kwance, shi ne ya fi iya amsawa in an sake tambayarsa daga ina yake.